Fatima Ahmed Ibrahim: 'Yar Gurguzun Da Ba Ta Bar Salla Ba

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, saboda haka duk wanda ya gyara zama yana jiran ya ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida, sai ya yi mini haƙuri zuwa wani jiƙon. Labarin wata baiwar Allah ce mutuniyar Sudan, Fatima Ahmed Ibrahim, mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa majalisar dokokin ƙasar, a shekarar 1965. Kuma tun da wuri zan faɗa muku abin da na san zai sa wasunku su ja tsaki: 'yar jam'iyyar gurguzu ce, wato Kwaminis, tun tana budurwa har ta koma ga Mahaliccinta.

Na san nauyin wannan kalma a kunnen Bahaushe. Mu da muka taso muna jin labarin yaƙin Afganistan a akwatin rediyon iyayenmu, abin da muka sani game da 'yan gurguzu bai wuce guda biyu ba: ba su yarda da Allah ba, kuma sun kulle masallatai a ƙasashen da suka mallaka. Ba ƙarya ba ne kuwa, an yi haka a Tarayyar Sobiyet. Ni Musulma ce, ba na tare da duk wata aƙida da za ta ce abin da ido ke gani shi kaɗai ne gaskiya. To amma me za ka ce da matar da ke cikin wannan jam'iyya, tana salla, tana azumi, ba a ganin ta a bainar jama'a sai cikin lafayarta, kuma aikin da ta yi wa matan ƙasarta ya fi na dubban masu zaginta? Wannan tambaya ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Sunanta na fara jin sa ne a bakin wata goggona wadda aka haifa a Wad Madani. Kakanninta suna cikin ɗimbin Hausawan da suka tashi a ƙafa za su aikin Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noman auduga a Jazira, zama ya miƙe har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Aure ne ya dawo da ita Kano. Da labarin rasuwar Fatima ya iso mata a 2017, sai na tarar da ita ta yi tagumi kamar wadda aka yi wa mutuwa a cikin gida. Na ce, "Goggo, 'yar uwarku ce?" Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Duk macen da ta taɓa karɓar albashi a Sudan 'yar uwarta ce." Daga wannan magana na shiga neman ko wace ce wannan mata.

An haife ta a birnin Khartum wajajen shekarar 1930, lokacin Turawan Ingila ne ke juya ƙasar. Gidansu gidan ilimi ne ta kowane ɓangare: kakanta limami ne kuma shugaban makaranta, mahaifinta malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Gordon, mahaifiyarta kuma tana cikin 'yan matan farko da suka shiga makarantar boko a ƙasar. Ɗan uwanta Salah Ahmed Ibrahim ya zama ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan Sudan. Ka ga ke nan ba daga gidan da aka yi watsi da addini ta fito ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tun tana sakandaren 'yan mata ta Omdurman aka gane irin zuciyar da Allah ya ba ta. Ta buɗe jaridar bango a makarantar, tana rubutu a kan halin da mata ke ciki. Da hukumar makaranta ta yanke shawarar cire darussan kimiyya a maye gurbinsu da koyon aikin gida, bisa tunanin cewa 'ya mace ba ta da abin yi da kimiyya tunda ɗakin miji za ta ƙare, sai Fatima ta jagoranci ɗalibai suka ƙaurace wa aji, har sai da aka janye wannan shawara. Ni da iyakacin karatuna sakandare ne, wannan wuri ya taɓa ni ƙwarai, domin na san 'yan mata nawa muka zauna aji ɗaya da su, masu ƙwaƙwalwar da za su iya zama likitoci, amma ba wanda ya taɓa tambayar su me suke so su zama.

A 1952 ita da wasu mata 'yan boko, cikinsu har da Khalida Zahir wadda tana cikin likitoci mata na farko a Sudan, suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. A 1954 ta shiga Jam'iyyar Kwaminis, wadda a wancan zamani ƙarfinta yana cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara, da manoman Jazira, da ɗalibai, kuma ita ce jam'iyyar da ta fara buɗe wa mata ƙofa su zama cikakkun 'ya'yanta. A nan ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Yarinya mai jini a jika, tana ganin ana zaluntar mata, ta duba manyan jam'iyyun ƙasar na shehunai da sarakai ba ta ga wurin zamanta ba, sai ga wata jam'iyya ta ce shigo. Ina za ta nufa? Wanda ya rufe ƙofarsa ai ba shi da bakin zargin baƙo don ya kwana a gidan maƙwabci.

A 1955 ta fara fitar da mujallar Sautul Mar'a, wato Muryar Mace, ita ce babbar editarta. A matsayina na marubuciya, wannan ne ya fi burge ni a rayuwarta. Mu da muke buga littattafai a Kano mun san wahalar takarda da tawada, mun san yadda ake bin ɗan kasuwa bashin kuɗin littafi har takalmi ya tsinke. To ita mujalla take fitarwa, ta mata zalla, a ƙasar da mafi yawan matan ba su iya karatu ba, don haka sai da ƙungiyarsu ta haɗa da buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a unguwanni. Su koyar da mace karatu, sannan su miƙa mata abin da za ta karanta. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, amma ba a je ko'ina ba Janar Ibrahim Abbud ya yi juyin mulki a 1958, ya haramta jam'iyyu da ƙungiyoyi. Duk da haka Fatima da abokan tafiyarta ba su ajiye alƙalami ba, har zuwa watan Oktoba na 1964 lokacin da jama'a suka fito kan titi, maza da mata, suka kawo ƙarshen mulkin Abbud.

Wannan bore na Oktoba shi ya ba dukkan matan Sudan damar jefa ƙuri'a da ta tsayawa takara. A zaɓen 1965 Fatima ta tsaya a kujerun da aka keɓe wa masu ilimin boko, ta kuma ci. Ku riƙe wannan shekara a ranku, ku gwada ta da tamu. A daidai wannan lokaci macen Arewacin Nijeriya ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda sa'ar Fatima ce a shekaru, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, amma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Gambo ba 'yar gurguzu ba ce, amma zagin da aka yi musu iri ɗaya ne: mara kunya, mara tarbiyya, wadda ta fi ƙarfin miji. Da ma idan aka rasa amsar da za a ba mace a kan hujjarta, sai a koma kan mutuncinta.

To me ta yi da kujerar? Nan ne nake so mu daɗe, domin shi ne ma'aunin ɗan siyasa. Kafin lokacin, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti a Sudan tana yin aiki daidai da na abokin aikinta namiji, amma albashinta bai kai nasa ba. Idan kuma ta yi aure, sai a cire ta daga jerin ma'aikatan dindindin a mayar da ita ta wucin gadi, ana sabunta mata aikin wata-wata, ba ƙarin girma, ba fansho. Wato aure, wanda sunna ce, ya zama laifin da ake hukunta mace a kansa a ofishin gwamnati. Fatima da ƙungiyarta suka tsaya kai da fata, a cikin majalisa da wajenta, tare da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, har aka amince a 1968 da cewa aiki ɗaya albashi ɗaya. Sauran buƙatun, irin su hutun haihuwa da albashi da haƙƙin fansho, su ma suka biyo baya a shekarun da ke tafe.

Akwai kuma wata doka da ake kira Baitul Ɗa'a. Mu a nan idan mace ta yi yaji, dattawa ake turawa biko, a zauna a ji ta bakin kowa, a ba wanda aka ɓata wa haƙuri. A Sudan ta wancan lokaci kuwa, miji zai iya zuwa kotu ya karɓo hukunci, a tura 'yan sanda gidan iyayen matar su tasa ƙeyarta zuwa ɗakinsa kamar ɓarauniya, ko da kuwa duka ne ya kore ta. Ƙungiyar su Fatima ta yi shekaru tana yaƙi da wannan, har aka daina amfani da 'yan sanda wajen mayar da mace ɗakin miji a farkon mulkin Numeiri. Ku gaya mini, 'yan uwa, wane uba ne a cikinku zai so a zo da ɗan sanda a ja 'yarsa daga tsakar gidansa? Kuma hujjar da Fatima ke kafawa a irin waɗannan batutuwa ba daga Mosko take ɗauko ta ba. Matsayinta a kullum shi ne Musulunci bai zalunci mace ba, al'ada da son zuciyar maza ne suka laɓe a bayan addini, kuma 'yancin macen Sudan ba ya nufin ta kwaikwayi Baturiya a sutura ko a ɗabi'a. Saboda wannan matsayi ma wasu 'yan gwagwarmayar mata na baya suka riƙa sukar ta cewa ta cika ra'ayin riƙau, musamman da yake ba ta sa yaƙi da kaciyar mata a sahun gaba ba, tana ganin talauci da jahilci ne tushen cutar. Kun ga ke nan ta sha suka gaba da baya: malamai na ce mata ta yi nisa, 'yan zamani na ce mata ba ta taho ba.

Ba zan ɓoye muku inda jam'iyyarta ta yi tuntuɓe ba, don ba waƙar yabo na zo yi ba. A ƙarshen 1965 majalisa ta haramta jam'iyyar, bayan wani ɗalibi ya yi mummunar magana a kan iyalan gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, a wani taro a Omdurman, aka ce ɗan gurguzu ne, ko da yake jam'iyyar ta nesanta kanta da shi. Sannan da Kanar Ja'afar Numeiri ya yi juyin mulki ranar 25 ga Mayu 1969, 'yan gurguzu da dama suka shiga gwamnatinsa, har da kujerun minista. Suna cikin wannan gwamnati aka yi wa tsibirin Aba luguden wuta a watan Maris na 1970, aka kashe ɗimbin Ansaru mabiya gidan Mahadi, shugabansu Imam Alhadi ma aka kashe shi a hanyarsa ta ficewa daga ƙasar. Tsibirin nan kuwa akwai 'yan asalin ƙasashenmu da yawa da suka zauna a cikinsa tun zamanin Sayyid Abdurrahman. Wannan jini ne da ba ruwan da zai wanke shi daga tarihin duk wanda ya raɓi gwamnatin a lokacin. Wanda ya hau motar soja don ya isa da wuri, ba shi ke zaɓen inda za a sauke shi ba.

Haka kuwa aka yi, ba a daɗe ba aka ɓata tsakaninsu da Numeiri. Ranar 19 ga Yuli 1971 wasu hafsoshi masu ra'ayin gurguzu, ƙarƙashin Manjo Hashim Al-Ata, suka kifar da shi, amma bayan kwana uku ya dawo kan mulki, ya kuma dawo da fushi. A cikin 'yan kwanaki aka yi shari'ar soja ta gaggawa, aka harbe hafsoshin, aka rataye shugabannin jam'iyyar na farar hula: Abdulkhaliƙ Mahjub babban sakatarenta, da Joseph Garang, da Shafi'u Ahmed Al-Shaikh babban sakataren tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Sudan, wanda ya taso daga cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara. Wannan Shafi'u shi ne mijin Fatima, uban ɗanta guda ɗaya, wanda a lokacin yana ƙarami.

Allah sarki! Na rubuta mutuwar miji a littattafaina ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na san yadda ake tsara ta: a kawo labari, mace ta faɗi sumammiya, a yayyafa mata ruwa, dangi su kewaye ta, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ita kuwa gwamnati ce ta kashe mata miji, ba a ba ta gawarsa ba balle ta ga inda aka binne shi, sannan aka yi mata ɗaurin talala a gida sama da shekara biyu. Takabarta ta yi ta ne da masu gadi a ƙofa. Bayan an sake ta kuma ba ta koma ɗaki ta naɗe hannu ba, ta ci gaba da sukar Numeiri a fili, ana kama ta ana sakin ta, har jama'a suka sake fitowa titi aka kawar da shi a watan Afrilu na 1985. Ba ta sake aure ba.

Hutun bai yi tsawo ba. Umar Al-Bashir ya karɓi mulki ranar 30 ga Yuni 1989, aka sake haramta jam'iyyu da ƙungiyoyi, aka shiga farautar 'yan adawa. A 1990 ta bar ƙasar zuwa gudun hijira a Landan. Tana gudun hijira aka zaɓe ta shugabar wata babbar tarayyar ƙungiyoyin mata ta duniya a 1991, sannan a 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ƙungiyar Matan Sudan lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam. Ta koma gida a 2005 bayan yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan Kudu, ta sake zama a majalisa a madadin jam'iyyarta, shekara 40 cif bayan shigarta ta farko. A 2006 aka ba ta lambar Ibn Rushd ta 'yancin tunani a Jamus. A 2007 kuma ta yi abin da 'yan siyasarmu suka kasa koya: ta sauka daga shugabanci da kanta, ta bar wa na baya.

Ta rasu a Landan ranar 12 ga Agusta 2017, aka kawo gawarta Sudan aka yi mata sutura irin ta kowane Musulmi. Dubban mutane suka fito rakiya, kuma da manyan jami'an gwamnatin Bashir suka zo wurin, jama'a suka yi musu ihu har sai da suka bar wajen. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Afrilu na 2019, Bashir ya faɗi, kuma duk wanda ya ga hotunan zanga-zangar ya ga yadda mata suka cika sahun gaba, wasunsu cikin farar lafaya irin wadda malaman makaranta da ma'aikata mata na zamanin Fatima suka saba sawa. Abin baƙin ciki, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ragargaza Khartum ɗin da ta yi wa hidima, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Yanzu bari in juyo gare mu, mu marubuta, musamman 'yan uwana mata. An daɗe ana yi mana gorin cewa ba mu san komai ba sai soyayya da kishi. Ni ban yarda da wannan gori ba, domin a cikin littattafan nan da ake rainawa ne aka fara faɗin gaskiya a kan auren dole, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga makaranta. Amma ku duba yadda muke warware wa jarumarmu matsala. Za ta sha wuya tun daga littafi na ɗaya har na uku, tana kuka tana haƙuri, daga ƙarshe sai ga wani Alhaji mai kuɗi da tausayi ya fito da mota ya share mata hawaye. Ita ta tsira, to sauran matan unguwar fa? Alhazan kirki nawa ne za su ishe su? Abin da rayuwar Fatima ta nuna mini shi ne akwai wata hanyar: mace ta dubi abin da ya same ta, ta gane ba ita kaɗai ya sama ba, ta nemi 'yan uwanta su je su canza dokar da ke haifar da shi. Albashin da aka daidaita a 1968 ya shiga hannun matan da ba su taɓa jin sunan Karl Marx ba, har da waɗanda mazajensu ke tsine wa 'yan gurguzu a majalisar ƙofar gida.

Irin wannan jaruma nake so in ga ta fara fitowa a littattafanmu: mai salla, mai kunya, mai son mijinta, amma wadda ta san hanyar kotu da ta majalisa, ta kuma san yadda ake tara mata ashirin a tsakar gida a koya musu karatu. Ba sai mun je Sudan aro ba ma, ga Gambo Sawaba nan a Zariya, labarinta ya isa littafi biyar.

Na san za a sami wanda zai ce, yaya Musulma za ta yabi 'yar gurguzu? Amsata ita ce, aƙidar jam'iyyarta ban saya ba, ba kuma na tallata ta. Abin da ke tsakaninta da Ubangijinta kuwa ba ni aka ba wa alƙalancinsa ba, ba kuma kai aka ba wa ba, ɗan uwa. Abin da muka gani a zahiri shi ne ta ce ita Musulma ce, ta yi salla, ta tsaya wa marasa ƙarfi, an zalunce ta ba ta sayar da kanta ba. An umarce mu da yin adalci ko ga wanda muke ƙi, balle wadda ta share wa mata hawaye.

Allah ya jiƙan Fatima Ahmed Ibrahim, ya yafe mata kurakuranta, ya saka mata da alherin da ta yi. Allah ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu. Mu kuma ya ba mu ikon rubuta abin da zai amfane mu duniya da lahira. Wassalamu alaikum.